Taɓin Hankali Bayan Buguwar Kai

Ni ba likita ba ne, malamin Hausa ne, don haka ta ƙofar harshe zan shiga wannan magana. Idan hankalin mutum ya gushe, Bahaushe kan ce ya haukace, ko ya taɓu, ko iska ta buge shi, ko an yi masa sammu. A lura, biyun ƙarshe sun riga sun yanke hukunci a kan musabbabin ciwon tun kafin a bincika. A ganina, nan gizo ke saƙar.

Mu ɗauki misali daga Tsafe, a bisa hanyar Funtuwa zuwa Gusau. A ce ɗan kabu-kabu ya faɗi ba hular kwano, kansa ya bugu da kwalta, ya suma, aka ɗinke shi, ya warke sarai. Bayan shekara uku sai ya fara jin muryoyin da ba mai jin su sai shi, yana kuma zargin matarsa da sa masa guba a tuwo. Wa zai tuna da faɗuwar nan? Tazarar ita ke ɓatar da sawu. Likitoci sun tabbatar cewa irin wannan ciwo kan jinkirta watanni, sau da yawa ma shekaru, musamman idan raunin ya taɓa sashen ƙwaƙwalwa na goshi ko na wajen kunne. Farfaɗiya kuma takan biyo shi.

A 1969 an buga wani bincike a ƙasar Finland a kan sojoji fiye da 3,000 da suka sami rauni a ka lokacin yaƙi. Kusan ɗaya cikin goma ne suka sami taɓin hankali. Wato akasarin masu buguwar kai ba sa haukacewa, kada kowa ya fita daga ɗakin nan da fargaba.

To, amma wanda abin ya sama fa? A sayar da gona a bi bokaye, a ɗora wa kishiyar uwa laifi, zumunci ya lalace, shi kuwa a ɗaure shi da mari. Idan daga bisani aka kai shi asibiti a Gusau, ko asibitin masu taɓin hankali na Kware kusa da Sakkwato, wajibi ne dangi su faɗa wa likita labarin faɗuwar, ko da ta shekara goma ce, domin wasu magungunan hauka kan tayar da farfaɗiya ga mai tabo a ƙwaƙwalwa.