Abin da tarihin jinjimin Asiya ke koya wa masu kare gauraka a Najeriya

A watan Mayun 1981, bayan shekaru uku yana ratsa duwatsu da fadamu, masanin tsuntsaye na ƙasar Sin, Liu Yinzeng, ya ci karo da wasu tsuntsaye bakwai a gundumar Yangxian ta lardin Shaanxi, manya huɗu da 'ya'yansu uku. Su kaɗai ne suka rage a daji a duk duniya daga wani nau'in jinjimi mai jan fuska da tukku a ƙeya, wanda Japanawa ke kira Toki.

A da tsuntsun ya bazu a Sin da Japan da Koriya da gabashin Rasha, yana kiwo a gonakin shinkafa da bakin rafuka. Farauta da magungunan feshi da sare manyan itatuwan da yake sheƙa a kansu ne suka kusa shafe shi daga doron ƙasa. Sakamakon kulawar shekaru fiye da 40, adadinsa ya haura 10,000 a yau. Sai dai masana na nuni da cewa akwai asarar da wannan adadi ya ɓoye.

Mene ne bambancin ƙwayoyin gado?

Kowace halitta tana gadon ƙwayoyi daga uwa da uba, waɗanda ke tsara siffarta da ƙarfin jikinta da juriyarta ga cuta. A garke mai yawa ƙwayoyin sukan zo iri-iri: wani tsuntsu ya fi jure fari, wani ya fi jure annoba, wani ya fi yawan ƙwai. Wannan shi ake kira bambancin ƙwayoyin gado, kuma shi ne jarin da kowane jinsi ke dogara da shi idan yanayi ya juya.

Manomi da makiyayi sun daɗe da sanin wannan. Mai ajiye irin gero kala ɗaya kacal yana iya tashi hannu rabbana a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri. Haka kuma makiyayi kan sauya bijimi ko rago lokaci zuwa lokaci, domin ya san barbara tsakanin dangi na kusa tana raunana garke.

Idan adadin wani jinsi ya faɗi zuwa 'yan tsiraru, duk ƙwayoyin da ke jikin waɗanda suka mutu sun tafi ke nan. Zuriyar da za ta biyo baya, komai yawanta, abin da 'yan tsirarun nan suka ɗauko shi kaɗai za ta gada. Bugu da ƙari, tilas dangi su auri dangi, abin da ke ba munanan ƙwayoyin da a da suke ɓoye damar haɗuwa a jiki ɗaya. Alamun hakan a tsuntsaye sun haɗa da ƙwan da ba ya ƙyanƙyashewa da 'ya'yan da ke mutuwa tun suna sheƙa.

Abin da bincike ya gano

A shekarar 2019 mujallar kimiyya ta Current Biology ta wallafa binciken da aka kwatanta ƙwayoyin gadon Toki na yanzu da na tsofaffin samfura 57 da ke ajiye a gidajen tarihi, waɗanda aka tattara tsakanin 1841 da 1922. An gano cewa tsuntsayen yanzu sun rasa kusan rabin bambancin da kakanninsu ke da shi, kuma ƙwayoyi masu illa sun taru a jikinsu. Hatsarin a nan shi ne, dubban tsuntsayen da garkuwar jikinsu ta yi kama da juna, annoba guda irin murar tsuntsaye tana iya yi musu ɗauki ɗaya.

Ƙasar Japan ta ɗanɗana wannan ƙunci. A 1981 ta kama tsuntsaye biyar na ƙarshe da suka rage a tsibirin Sado domin kiwata su, amma ba su bar zuriya ba. Ta ƙarshen waɗanda aka haifa a dajin Japan, mai suna Kin, ta mutu a 2003. Da namiji da macen da Sin ta bayar kyauta a 1999 aka sake kafa garke, aka fara sakin tsuntsaye a Sado a 2008, sannan a 2012 aka samu ƙyanƙyasa ta farko a daji. Sin ta ƙara aika wasu a 2007 da 2018 domin shigar da sabon jini, ko da yake su ma asalinsu daga gidan nan guda na Yangxian ne.

Halin da gauraka ke ciki

Najeriya ma tana da nata tsuntsun fadama da ke kan wannan turba. Gauraka, wanda ake ɗauka a matsayin tsuntsun ƙasa, a da ana ganinsa garke-garke a fadamun Arewa, amma yanzu da wuya a yi ido biyu da shi a dajin ƙasar. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya shi cikin jinsunan da ke fuskantar barazana. Waɗanda suka rage a yammacin Afirka sun rarrabu gida-gida a yankin Senegal da Gambiya, da fadamar kogin Neja a Mali, da kewayen Tafkin Chadi.

Wannan rarrabuwa ita ce babbar damuwa ta fuskar gado. Muddin babu fadamun yada zango tsakanin garke da garke, musayar jini na yankewa, kowane garke ya koma aure a cikin gida. Ga shi gauraka ba mai saurin hayayyafa ba ne: ƙwai kaɗan yake yi a sheƙar da yake ginawa cikin ciyawar da ruwa ya malale. Duk wanda aka kama domin ƙawata harabar gida ko sayarwa ƙetare, an cire ƙwayoyinsa daga rumbun jinsin.

Dausayin Haɗeja da Nguru, wanda ya ratsa jihohin Jigawa da Yobe, yana cikin irin waɗannan zangon. A shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya ƙarƙashin Yarjejeniyar Ramsar ta 1971. Amma tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tsarin ambaliyar da ke rayar da dausayin ya sauya, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Matsalar ta shafi masunta da manoman shinkafa da makiyaya kamar yadda ta shafi zalɓe da shamuwa da tsuntsayen da ke zuwa daga Turai lokacin hunturu.

Matakan da ake buƙata sanannu ne: sakin ruwa daga madatsu daidai da lokacin ambaliya, share kacala, hana kama gauraka da cinikinsa, da haɗa hannu da Nijar da Chadi da Kamaru ta Hukumar Tafkin Chadi, tunda tsuntsu bai san iyakar ƙasa ba. Tarihin Toki ya nuna ana iya maido da adadi ta hanyar kiwo da haƙuri, amma ƙwayoyin da suka salwanta sai bayan dubban shekaru ake samun madadinsu. Don haka lokacin kare gauraka shi ne yanzu, tun garkunan da ke ƙasashen maƙwabta suna da sauran yawa da sauran bambanci.