BURODI BA ALKAMA: ME KE SA SHI SAURIN BUSHEWA?

Duk mai shayin da ke Agege ko Sabo ta Badun ya san burodin da ya kwana ya bushe asara ce. To, wannan matsala ita ce ta daɗe tana hana burodin da babu alkama a cikinsa karɓuwa.

Tun gwamnati tana Ikko, a 1987, Janar Babangida ya hana shigo da alkama. Bayan an koma Abuja, Shugaba Obasanjo ya umarci masu niƙa su zuba kashi 10 cikin ɗari na garin rogo a fulawa. A 2012 kuma gwamnatin Jonathan ta ƙara wa alkamar waje haraji don a rungumi burodin rogo. Amma har yau alkama ce ke riƙe da kasuwa.

Dalili shi ne, alkama tana da wani danƙo, wato gulutin, wanda ke tsare iskar da yis ke fitarwa har kwaɓi ya tashi. Rogo da dawa da shinkafa da acca ba su da shi. Saboda haka burodinsu yakan yi nauyi, ya marmashe, kashegari ya sandare.

Masana suna gyara wannan ta hanyar haɗa gari iri biyu ko uku, su ƙara ruwa da ƙwai da mai, da ɗan danƙon zantan wanda ke riƙe laima. Garin rogon kuwa sai wanda aka sarrafa cikin kwana guda da haƙowa, kafin ya yi tsami. Barin kwaɓi ya kwana, kamar yadda mata ke yi wa ƙullun masa, yana ƙara daɗi, yana kuma jinkirta fumfuna.

Wajen ajiya, kada a ƙulle burodi a leda sai ya huce sarai, domin gumi ke kawo fumfuna. Firji yana gaggauta bushewarsa. In za a daɗe, sai a yanka a daskarar da shi.

Sai dai a kula: burodin rogon da gwamnati ta tallata yawancinsa alkama ne. Wanda likita ya hana wa gulutin saboda ciwon hanji, wannan ba nasa ba ne. Gara masa ko sinasir na zallar shinkafa, bayan ya tambayi mai tuya ko ta zuba fulawa.