Fifita Dangi a Kasuwancin Iyali: Halin da Yaran Kanti Ke Ciki

A manyan kasuwannin ƙasar nan, tun daga Kantin Kwari da Singa a Kano har zuwa Alaba a Legas, akasarin harkokin ciniki a hannun iyalai suke. Maigida kan jawo ɗansa ko ƙanensa ya damƙa masa makullin sito da littafin kuɗi, bisa dogaro da cewa naka sai naka. Sai dai wannan al'ada tana da illa ga ma'aikatan da ba jinin gidan ba ne.

Sau da yawa yaron kanti kan shafe shekara goma ko fiye yana bin kaya, yana karɓo bashi, har ya san abokan ciniki ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ɗan maigida ya gama makaranta, sai a ɗora shi a kansa, ko da bai san farashin bandir ɗaya ba. Idan aka yi asara, bare ake fara tuhuma; idan riba ta samu, ɗan gida ake yabo. Abin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sakamakon haka shi ne mutuwar zuciya. Wasu sukan daina ba da shawara, wasu kuma sukan kama nasu shagon, abokan ciniki su bi su. Matsalar takan fi tsanani idan mai dukiya ya rasu, domin magada kan raba jari, a rufe kanti, tsohon ma'aikaci ya tashi hannu rabbana.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3. Dokar Fansho ta 2014 kuwa ta ɗora wa kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye biyan kashi 10 cikin 100, ma'aikaci ya biya kashi 8. Amma ƙananan kantuna da dama sun dogara ne ga alkawarin baki, wanda ke da wuyar tabbatarwa a gaban kotu.

Akwai darasi a tsarin 'yan kasuwar Ibo, inda ake yanka wa yaro shekarun da zai yi hidima, daga bisani a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Hausawa ma sun gaji sallamar yaro daga ubangida, illa dai ba kasafai ake sa mata lokaci ba.

Ba laifi ba ne attajiri ya ɗauki ɗan'uwansa aiki. Abin da ake bukata shi ne ɗan gida ya fara daga ƙasa kamar kowa, a rubuta albashi da ranar sallama, a kuma binciki littafin kowa ba tare da duban dangantaka ba. Kantin da ya riƙe amintattun yaransa shi ne ya fi yiwuwa ya ɗore bayan mai shi.