Man Shanu Daga Ƙasa Yake Farawa

Jama'a, mu duba man shanun da matan Fulani ke kawowa talla. Da damina launinsa rawaya ne. Da rani kuwa sai ya koma fari. Saniyar ɗaya ce, mai kaɗa nonon ɗaya ce. To, me ya sāke? Abincin saniyar ne.

A cikin ɗanyar ciyawa akwai wani abu mai launin rawaya, koren ganye ne ya ɓoye shi. In saniya ta ci, jikinta yakan juya shi ya zama bitamin A. Sa'an nan ya gangara cikin nono, ya taru a cikin mai. A shekarar 1913 ne waɗansu masana a Amurka suka gano wannan bitamin, a cikin man shanu kuwa suka same shi.

Amfaninsa babba ne. Yana kiyaye ido, yana taimakon yaro ya jure cuta. Wanda ya rasa shi dundumi ke kama shi, da magariba ta yi ba ya gani sosai.

Busasshen kara da ciyawar da rana ta ƙone ba su da wannan abu sai kaɗan. Gajiyayyar ƙasa kuma ba ta fid da ciyawar kirki. Ashe ƙasa ke ciyad da ciyawa, ciyawa ta ciyad da saniya, saniya ta ciyad da 'ya'yanmu. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

A nan Rijiyar Zaki gonaki da gidaje sun matse, wurin kiwo ya yi kaɗan. Saboda haka ga abin da za mu yi:

1. Mu tara kashin dabbobi da tokar murhu, mu kai gona kafin shuka.
2. Mu shuka wake da gyaɗa tsakanin gero da dawa. Suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, ga kuma harawa.
3. Mu ɗaure harawa tun tana kore, mu ajiye ta a inuwa.
4. Kada mu sare gawo. Da rani yake fid da ganye, sa'ad da dabbobi ba su da ɗanyen abinci.
5. Kada mu sa wa ciyawa wuta.

In an sayo man shanu, kada manya su cinye. A zuba wa yara kaɗan a tuwonsu.

Tambaya: Don me man shanun rani yake fari?