Motar Tafi-da-gidanka: Daɗinta Sai An Tsaya

Daga New York zuwa Los Angeles tafiyar kilomita kusan 4,500 ce, fiye da ninki huɗu na nisan Kano da Legas. Magidancin da ya cusa iyalinsa a ƙaramar mota ya kama wannan hanya zai shafe kwanaki yana fama: ƙugu ya ƙage, yara na ƙorafin fitsari a inda babu gidan mai, da magariba kuma a shiga neman otal, a sauke jakunkuna, gari na wayewa a sake lodi. Wannan wahalar ce ta buɗe wa motar tafi-da-gidanka kasuwa a Amurka.

Abin ya daɗe. Tun a 1919 masu kwana a motocinsu suka kafa ƙungiya a jihar Florida, a 1966 kuma kamfanin Winnebago na jihar Iowa ya fitar da tasa motar, da arahar da ta sa ma'aikaci ma ya fara sa rai. A yau yankin Elkhart na jihar Indiyana ne ke ƙera mafi yawansu. A 2021, lokacin da korona ta sa mutane gudun otal da jirgin sama, masana'antun Amurka sun fitar da kusan 600,000, ko da yake akasarinsu ɗakuna ne da ake ɗaura wa wata mota ta ja.

Shiga cikin matsakaiciya ka gani. Saman kan direba akwai gado, sai an taka ɗan tsani. Bayansa teburin cin abinci ne, wanda da dare ake sauke shi a jera katifun kujerun a kai ya koma shimfiɗar yara. Ga murhun gas, ga firji, ga wurin wanke kwanuka, can ƙurya kuma ga banɗaki da wurin wanka wanda mai jiki sai ya shiga a karkace. Kowace durowa da maƙallinta, don kada kofuna su tarwatse idan an sha kwana.

Banɗakin nan shi ne rabin daɗin, ko ma fiye. Dattijo mai ciwon suga, mace mai juna biyu, uwa mai goyo, duk sun huta da roƙon direba ya tsaya, sun kuma huta da ƙazantar bayan gidan bakin hanya. Musulmi matafiyi ma zai ga amfaninsa: ruwan alwala na nan, wurin shimfiɗa darduma na nan. Ga abinci irin wanda mutum ya saba, ga matashin kansa, ga maganinsa a firji. Akwai kuma batun lafiya. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa zama wuri ɗaya na awa huɗu ko fiye a tafiya yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa, ko da yake haɗarin ƙanƙane ne tun asali. Wanda gadonsa ke bayansa ba ya jin kiwar tsayawa ya miƙe ƙafa, kuma idan gyangyaɗi ya kama shi sai ya faka ya yi barci, maimakon ya matsa wa kansa don ya cimma otal.

Sai dai a lura, duk wannan daɗi sai motar ta tsaya ake shan sa. Tana cikin gudu, wurin fasinja kujera ne da bel, kamar a kowace mota. Mai soya ƙwai ana tafe, birki ɗaya ya ishe shi. Direba kuwa ya fi na ƙaramar mota shan wuya. Manyan motocin sun kai mita 12 ko fiye, iska na kaɗa su, sai an san tsayin kowace gada kafin a bi ƙarƙashinta, shiga tsakiyar gari kuma tashin hankali ne. Shi ya sa za ka ga wata ƙatuwa tana jan ƙaramar mota a baya, ta zuwa kasuwa. A Turai lasin tuƙi na gama-gari bai wuce nauyin kilo 3,500 ba, saboda haka nasu galibi ƙanana ne.

Mai fa? Babba takan sha lita 25 zuwa 35 a kilomita 100, inda ƙaramar mota ba ta cika wuce 8 ba. Kuɗin otal da aka yi murnar tsira da shi, galibi gidan mai da masu filin kwana ne ke raba shi.

Akwai kuma aikin da masu talla ba sa nunawa. Tankuna uku ne a ƙarƙashin motar: na ruwa mai kyau, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bayan gida. Na ukun nan idan ya cika, maigida ne zai sa safar hannu, ya jona tiyo da ramin da aka tanada, ya buɗe, sannan ya saki ruwan wankan ya ɗauraye tiyon. Kowa ya ci zomo ai ya ci gudu.

Wannan ramin ma ya nuna cewa ba motar kaɗai ke kawo jin daɗin ba. Amurka na da dubban filayen kwana inda ake jona wuta da ruwa, ga tituna masu faɗi, ga kwanciyar hankalin rufe ido a daji. Garin Quartzsite na jihar Arizona, mai mutane 'yan dubbai, yakan cika maƙil da irin waɗannan motoci duk lokacin sanyi, yawanci na 'yan fansho masu gudun ƙanƙara. Cikinsu har da waɗanda kuɗin haya ya kora daga gida, irin waɗanda fim ɗin Nomadland ya nuna, wanda ya ci kyautar Oscar a 2021. Su kam ba hutu suka fito ba.

Mai sauri, wanda burinsa ya isa ya yi abin da ya kai shi, ƙaramar mota da otal sun fi masa sauƙi da araha. Motar tafi-da-gidanka ta mai makonni ce a hannu, mai iyali ko dattijai, wanda zai yi tuƙin awa uku ya yada zango kwana uku.