FILIN MANOMA: LALLE A TSAKAR GIDA

Akwai wani furen lambu da Turawa ke ce da shi haidiranjiya, asalinsa daga ƙasar Sin da Jafan. Wani irinsa gajere ne, yana fid da fararen furanni cunkus a kan reshe kamar zangarniyar dawa. Akawu ko ɗan kasuwar da ya ga hotonsa ya kan yi sha'awar dasa shi a gida. To, shawararmu ita ce ya riƙe kuɗinsa. Itacen nan sai ya sha sanyi mai tsanani kowace shekara, ya zub da ganye ya huta, kana ya yi fure. Hunturun Kano bai kai haka ba, zafin Afrilu kuwa ƙone shi zai yi.

Muna da madadinsa a gida, watau lalle. Shi ma zangarniya ya ke fitarwa ta ƙananan fararen furanni, ga ƙanshi da maraice, ga ganyen da mata ke ƙunshi da shi, ana kuma sayensa a Kasuwar Kurmi. Zafi ba ya damunsa, in ya kafu kuma yana jimre fari.

Ga yadda a ke dasa shi. In damina ta zauna, wajen Yuni ko farkon Yuli, sami reshe mai kaurin fensir daga itace lafiyayye, ka yanka shi inci 9. Haƙa rami, ka cuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen kashin awaki, ka binne rabin reshen, ka danne da ƙafa. In shinge ka ke so, bar ƙafa 2 tsakanin kowane biyu. Mai shuka iri kuwa sai ya jiƙa shi kwana 5 zuwa 7, yana sake ruwan kullum, don ƙwayar tana da tauri.

Mutanen cikin birni su lura da abu biyu. Na fari, lalle ɗan rana ne. A inuwar darbejiya ko bayan ɗaki sai ya yi tsawo a banza ba ganye. Na biyu, kada a dasa shi jikin katangar ƙasa, domin ban ruwa na cin gindin gini. A ja da shi kamar taku 2. Kada kuma a sa shi bakin rariya inda ruwan wanki ke kwanciya, saiwar za ta ruɓe. A kewaye sabon dashe da ƙaya saboda awaki, a riƙa duba gindinsa saboda gara. Rani na fari a ba shi ruwa sau biyu a mako. Daga nan sai jefi-jefi.

Babban aikin shi ne sassabe. Lallen da aka ƙyale ya kan wuce tsawon mutum, ya tsufa, ya yi ƙaya, ganye ya ragu. Da wuƙa mai kaifi a datse shi daidai gwiwa kafin saukar ruwa, sai ya yi toho da yawa, ya tsaya gajere a dunƙule. Ganyen sabon toho shi ya fi kamu a hannu. Amma wanda ke yawan yanka don ganye ba zai ga fure sosai ba, saboda haka a ware gindi guda a bar shi don ƙanshi.

Ganyen da aka yanka a shanya shi a inuwa bisa tabarma, ba cikin rana ba, don ya bushe yana kore. Mai saye ya fi ba koren lalle daraja. A daka, a tankaɗe, a rufe a tukunya inda ba laima.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.