Gashin Tunkiya Ba Ya Ɓoye Yunwa

Masu kiwon tumakin Merino a Ostireliya sun daɗe da gane cewa duk wuyar da tunkiya ta sha tana fitowa a ulunta. Idan ta yi makonni cikin yunwa ko ciwo, zaren da ya tsiro a lokacin yakan sirance, da an ja sai ya tsinke a daidai wurin, farashinsa kuma ya faɗi. Dalili shi ne jiki yana gina ulu da furotin mai ɗauke da sulfa. Da abinci ya yi ƙaranci, sai sinadarin kotisol, wanda jiki ke saki lokacin wahala, ya ƙaru, ya rage wa saiwar gashi kuzari.

Tumakinmu, Uda da Balami da 'Yankasa, gashi gare su ba ulu ba, amma dokar ɗaya ce. Dubi garke a ƙarshen rani: gashi ya dushe, ya tashi tsaye, kana shafa bayan tunkiya yana biyo hannunka. Mutane sukan ce zafi ne. Sau da yawa yunwa ce, ko tsutsar ciki.

Inda aka fi yin sakaci shi ne kan mai ciki. Cikin tunkiya wata 5 ne, kuma ɗan yana yin mafi yawan girmansa a makonni 6 na ƙarshe. Tun yana ciki saiwoyin gashinsa ke samuwa, saboda haka uwar da aka bar wa kara zalla tana haifar ɗa rarrauna, nononta kuma ba ya isa. Idan aidin ya yi mata ƙaranci, ɗan kan fito da maƙoƙo, gashi jefi-jefi. Abin haushi, a gidaje da yawa ragon layya ne ke cinye harawa da ƙuli-ƙuli, uwar da za ta haifi na baɗi tana tsintar leda a bola.

Haihuwa ma abinci ke juya ta. Ƙara wa ramammiyar tunkiya abinci mai kyau makonni 2 zuwa 3 kafin barbara yana sa ta saki ƙwai fiye da ɗaya, a samu tagwaye. Wata ciyawar kuma ɓarna take yi: a shekarun 1940 garkuna a yammacin Ostireliya sun rage haihuwa ƙwarai saboda kiwo a kan wata ciyawar kuloba mai sinadari irin na jikin mace.

A kula da abu biyu. Kada a ba tumaki abincin kaji ko gishirin lasa na shanu, domin tagullar da ke ciki tana taruwa a hantarsu har ta kashe su. Dusa zalla kuma tana haddasa wa rago tsakuwa a mafitsara. A haɗa masa da harawa da isasshen ruwa, in an ga yana nishi wajen fitsari a kira likitan dabbobi a ranar.